Gurbi Na Huɗu

Shekara talatin da huɗu na yi ina zama a akwatin mai agogo a ɗakin hokin ƙanƙara na garinmu, nan gaɓar tafkin Winnipeg, inda ake buga ƙwallo da sanda ana sulɓi a kan ƙanƙara. Ni ke danna agogo, ni ke rubuta wanda ya ci, ni ke rubuta wanda aka kora ya je ya huce na minti biyu. Babu yaron da ya tashi a garin nan da sunansa bai bi ta bakin birona ba, har da waɗanda ba su iya tsayuwa a kan takalmin sulɓi ba, sai dai ƙwallo ya buge su ya faɗa raga a ce sun ci. Mutum ɗaya ce ban taɓa rubuta sunanta a layin masu ci ba, kuma ita ce ta fi su duka iya wasan. Signy ke nan, 'yar ƙanena Dori.

Dori masunci ne, kamar ubanmu. Da rani yana cikin jirgi, da hunturu yana kan tafkin yana huda ƙanƙara yana zura taru ta ƙasa. Ba mai magana ba ne. In ya ce maka kalma biyar a jere, to ranar an yi kamu mai kyau. Matarsa Asdis daga Iceland ta zo ziyarar dangi tana budurwa, ta ga Dori yana feɗe kifi, har yau ba ta koma ba. Ni dai ban ga abin da ta gani ba, amma ba ni na aure shi ba. Suka haifi maza uku a jere, sannan Signy, wadda duk gidan ke kira Auta.

Kowa ya san yadda ake yi idan ɗan wasa ya ci ƙwallonsa na farko. Ba a bari a ci gaba da wasa da shi. Wani cikin abokan wasansa zai ruga ya zaro shi daga raga, a naɗe gefensa da farin salatif ɗin da ake naɗe sanda, a rubuta suna da rana, a kai gida. Baƙar roba ce kawai, faɗinta bai wuce marfin gwangwani ba, amma na ga ƙarti masu gemu suna hawaye a kanta. Shekarar da aka haifi Auta, Dori ya ɗauko katako daga tsohon jirgin ubanmu, ya goge shi, ya fafe gurbi huɗu daidai girman ƙwallo, ya kafa shi a bangon kicin sama da tukunyar kofi. Ƙarƙashin kowane gurbi ya sassaƙa sunan ɗa ɗaya.

Na farko ya cika, na biyu ya cika. Na uku kuwa, na Bjarni, da labarinsa.

A lokacin babu ƙungiyar 'yan mata a garinmu, don haka tun tana shekara shida Auta ke wasa cikin maza. Yayyenta suka tura ta baya, don kowa gaba yake so. Ita kuwa sai ta ga bayan ya yi mata. Yarinya ce mai kai ɗaya: an ce mata aikinta shi ne ta tsaya tsakanin mutum da raga, shi ke nan ta riƙe. Tana shekara tara, wata Asabar, ƙwallo ya zo mata a layin tsakiya, ta maka shi da dukkan ƙarfinta, ya ratsa ƙafafun yara ya shige. Ɗakin ya ɗauki ihu. Na riga na ɗora biro a kan takarda. Alƙalin wasa ya taho wurina zai ba ni lambarta, sai ga ta ta biyo shi tana jan rigarsa.

"Ya taɓa sandar Bjarni kafin ya shiga," in ji ta. "Na gani."

"Ke Auta, wa ya tambaye ki?" na ce ta cikin ramin gilashi. "Koma wurinki!"

"Gwaggo, ya taɓa fa."

Bjarni kuwa ko sanin ƙwallon ya wuce bai yi ba, yana can yana kallon mai sayar da soyayyen dankali. Haka na rubuta sunansa ina cizon leɓe. Ita ce ma ta je ta zaro ƙwallon daga raga ta miƙa masa. Yau Bjarni yana da shekara talatin da biyar da tumbi, kuma duk taron Kirsimeti sai wani ya nuna gurbi na uku ya tambaye shi ko ya taɓa yi wa ƙanwarsa godiya.

Daga ranar ne Dori ya samo maganarsa. Duk lokacin da Auta ta saɓa jaka za ta fita wasa, ba ya cewa komai sai ta kai bakin ƙofa. Sannan ba tare da ya ɗago daga kofinsa ba zai ce, "Auta, ki taho mini da nawa." Ita kuma ta ce, "To, Baba." Ranar Asabar, ranar Laraba, wasan gida, wasan waje, maganar ɗaya ce.

Kada wani ya ɗauka ba ta iya ba ne. Na ga 'yan baya iri-iri, ban taɓa ganin mai karanta zuciyar mutum kamarta ba. Kafin ka yanke shawarar inda za ka bi, ta riga ka zuwa wurin tana jiranka. In ka ɗaga sanda za ka buga, sai ta zube a gabanka, ƙwallon ya daki ƙwaurinta ko cinyarta. Abin da sauran mutane ke kauce wa, ita shi take nema. Ran Lahadi in mun je coci, Asdis kan sa mata doguwar safa don kada matan garin su ga tabon jikinta su ɗauka dukanta ake yi a gida. Amma in ƙwallo ya zo mata kuma raga na gabanta, sai ta hango wata ko wani da ya fi ta kusa, ta miƙa. In kuwa ta daure ta buga, sai ƙarfen raga ya amsa. Na rantse ƙarfen ragar garinmu ya san ta fiye da yadda ya san mai fentinsa.

Tana shekara goma sha takwas wata mata ta zo daga wata jami'a a Minnesota, ta zauna kusa da akwatina da littafi a hannu. Ta zo kallon wata yarinya ce daban, mai ci uku-uku a wasa. Da aka tashi sai ta ƙwanƙwasa mini gilashi.

"Wannan mai lamba huɗu, ƙwallo nawa ta ci bana?"

"Ko ɗaya."

"Bara fa?"

"Baiwar Allah, in ci kike nema, ga waccan can. Wannan ba ta ci, ba ta kuma bari a ci."

Ta yi dariya ta rufe littafin. Bayan wata biyu takarda ta iso: karatu kyauta, ɗaki kyauta, shekara huɗu. Asdis ta toya kek mai hawa bakwai na gargajiyarsu har guda uku, rabin garin ya zo ya ci. Da Dori ya sauke ta a makarantar bayan tuƙin awa takwas, ya ajiye mata jaka, ya tsaya yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "To. Ki taho mini da nawa."

Wasa ɗari da talatin da ɗaya ta buga wa jami'ar nan. Na sani don ina da kwafin takardar kowanne a cikin kwalin takalmi. A shekararta ta uku suka naɗa ta shugabar 'yan wasa. A can ne kuma ta ɗauki wani aiki da babu wanda ya ɗora mata. Duk yarinyar da ta ci ƙwallonta na farko, kafin a gama rungume-rungume Auta ta riga ta isa raga ta zaro shi. A aljihun jakarta kullum akwai farin salatif da baƙin biro. Rubutunta ma ya yi kyau saboda yawan yi. Dori ya ji labari ya girgiza kai.

"Inuwar giginya ke nan," in ji shi. "Na nesa ka sha."

Wasanta na ƙarshe a jami'a mun je mu shida a mota ɗaya. Abokan wasanta sun haɗa baki a ɓoye cewa yau sai Signy ta ci ko ana ha-maza ha-mata. Suna gaba da ci huɗu, sai kowa ta riƙa turo mata ƙwallo. Ta karɓa ta mayar. Su turo, ta mayar. Har kocinsu ta hau kan benci tana ihu, "Signy, don girman Allah ki buga!" Ta buga. Ƙarfen dama ya amsa, ƙwallon ya gangara a kan layi kamar mai shawara, ya daki ƙarfen hagu, ya fito. Ɗakin gaba ɗaya ya yi nishi, har magoya bayan abokan hamayya. Ni kuwa na faɗi wata kalma da matar fasto, wadda muka taho da ita, ta yi kamar ba ta ji ba.

A hanyar dawowa na ji ta a kujerar baya tana yi wa uwarta magana ƙasa-ƙasa, ta ɗauka na yi barci. "Mama, shekara goma sha uku yana tambayata abu ɗaya tak, na kasa kawo masa." Asdis ta ce, "Kin san halin ubanki, wasa yake yi." Auta ta ce, "Ba wasa ba ne. Ai yana goge gurbin." Gaskiyarta. Na sha ganinsa da tsumma yana share ƙurar da ke taruwa a ciki. Abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa sanin yana cinta haka ba.

Ta dawo gida ta koyar da motsa jiki a firamare shekara biyu. Mun ɗauka an rufe littafi. Sai wani ɗan ƙanen Asdis ya bugo waya daga Akureyri, can arewacin Iceland, ya ce ƙungiyar matan garinsu na neman 'yar baya, kuma tun da uwarta 'yar ƙasa ce, in ta zauna ta yi musu wasa na wani lokaci, za ta iya sa rigar ƙasa. Ba ƙasar da ake jin tsoro ba ce a hoki. 'Yan wasansu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, kowa da aikinta da rana. Auta ta tafi da yarensu na kicin wanda ta koya a bakin uwarta, ta sami aiki a gidan renon yara, ta zauna.

Ranar da ta fara sa rigar ƙasar, Asdis ta kalli hoton ta yi kuka har kofinta ya huce. Shekara biyar Auta ta yi musu. Suna zuwa gasar ƙananan ƙasashe sau ɗaya a shekara, wani lokaci su ci, wani lokaci a yi musu dukan kawo wuƙa. 'Yan matan suka ɗauke ta uwa. Ita ke gyara musu tsayuwa, ita ke rarrashin mai kuka, ita ke zaro ƙwallon farko na kowace. Ta taɓa gaya mini ta ƙirga, daga jami'a zuwa can, ƙwallo arba'in da bakwai ta naɗe wa mutane. Kafin kowane wasa kuma sai ta bugo gida, Dori ya karɓi wayar, ya yi gyaran murya, ya faɗi maganarsa, ya miƙa wa Asdis.

Da ta cika talatin da biyu gwiwarta ta ce ta gaji. Ta sanar da mu cewa gasar watan Afrilu, wadda za a yi a wani gari a Sifaniya, ita ce ta ƙarshe. Dori ya so zuwa, amma an yi masa aiki a ƙugu, likita ya hana. Sai ni da Asdis muka tafi. Ni da ban taɓa wuce Minnesota ba, ga ni cikin jirgin sama da busasshen kifi a jaka, don ban yarda da abincin mutane ba. A gida kuwa Bjarni ya haɗa babban allo a ɗakin taro na garinmu domin a kalli wasan kai tsaye, aka ajiye wa Dori kujera mai laushi a gaba.

Abin da na fara dubawa a ɗakin wasansu shi ne akwatin mai agogo. Sana'a ba ta ɓuya. Wata dattijuwa ce a ciki, gajeriya, da tabarau rataye a wuya da bargo a kan cinya, irin nawa sak. Kwana huɗu ina sa mata ido ko za ta yi kuskure. Ba ta yi ba, abin ya ɗan ba ni haushi. A wasa na biyu wata yarinyarmu ta ci na farkonta, Auta ta zaro ƙwallon kamar kullum, bironta ya ƙi rubutu saboda sanyi, na ga ta je ta ari na matar.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi da yamma ne, a gida kuwa safiya ce, an fasa zuwa coci saboda shi, da izinin fasto, don shi ma yana ɗakin taron. Wanda ya ci shi zai hau rukuni na gaba. Ba zan faɗi sunan ƙasar da muka kara da ita ba, kunyar da suka sha ta ishe su. Saura minti biyu muna gaba da biyu da ɗaya. Suka cire mai tsaron ragarsu suka ƙaro 'yar wasa, suka yi mana rubdugu. Aka buga, Auta ta tare da ƙwauri. Aka sake bugawa, ta tare da kafaɗa, ta faɗi, ta tashi. Asdis ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga. Can ƙwallon ya faɗo gaban Auta a kusurwa, mutum biyu na kanta. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta nemi kowa ba, don babu lokacin nema. Ta dai kwaɗe shi ya bar mata wurin, kamar mai korar kaza daga kicin.

Ƙwallon ya daki katangar gefe, ya miƙe, ya tafi. Babu kowa a can. Ya tsallake layin tsakiya yana tafiyarsa a hankali, mu duka muna kallonsa, ya tsallake na gaba, ya ƙara rage gudu har na ce zai tsaya. Ya shige ragar da babu mai tsaro, saura daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Ban san na iya tsalle ba sai ranar. 'Yan matan suka zubo daga benci suka danne Auta, ko takalminta ba ka gani. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Dori ne.

"Yaya Runa, hoton ya tsaya. Tun tana kusurwa ya daskare. Me ya faru?"

"Ta ci! Dori, ta ci!"

"Wa?"

"Auta mana, wa kake da shi a Sifaniya?"

Ta bayansa ina jin ɗakin taron ya kacame, Bjarni na zagin na'ura. Sannan Dori ya ce, "Ƙwallon fa? Wa ya ɗauko?"

Na ɗaga kai na duba. Babu wadda ta ɗauko. Shekara biyar aikin Signy ne, ko sau ɗaya ba su taɓa tunanin wani zai yi shi ba, ga kuma Signy a ƙarƙashin mutum goma sha takwas. Kafin in buɗe baki, alƙali ya riga ya tsaya a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, ya sake shi, wasa ya ci gaba.

Daƙiƙa arba'in da ɗayan nan ban ga wasa ba. Idona na kan baƙar robar nan, ko ƙiftawa ban yi ba. Aka busa tashi, 'yan mata suka watsar da sanduna da safar hannu, ƙwallon ya gangara kusurwa ya tsaya. Na ce alhamdu lillahi, na fara sauka, gwiwoyina na ƙara. Sai ga wani ma'aikaci da shebur da bokiti, ya kwashe shi ya jefa ciki, ya wuce abinsa.

Yadda na ratsa mai gadin ƙofar ƙasa, Asdis ta fi ni iya ba da labarin. Ta ce na yi masa magana da harshen da babu shi a duniya, ya matsa don tsoro. Na cim ma mai bokitin a lungu, na ƙwace, na leƙa. Ƙwallo ya fi talatin a ciki, na atisaye da na wasa, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya.

Na zauna a kan wani benci da bokitin a cinyata. Asdis ta iso tana haki, ta duba, ta gane.

"Yaya Runa, ɗauki ɗaya kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba, roba ce fa. Mutumin nan shekara ashirin da uku yana jira. Bai ma ga cin ba, hoton ya tsaya masa."

"Shi ya sa. Bai gani da idonsa ba, sannan in kai masa na ƙarya? Yarinyar da ta hana a rubuta mata ƙwallon da ba nata ba tana shekara tara, ita zan naɗe wa na bokiti?"

Na faɗa da ƙarfi, amma wallahi hannuna yana cikin bokitin, kuma ban san abin da zan yi ba da an ƙara mini minti ɗaya. Hawaye ya zo mini, na takaici, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mijina.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Dattijuwar mai agogo ce, da bargonta a hannu. Ta nuna ƙirjinta ta ce, "Maite." Na nuna nawa na ce, "Runa." Iyakar hirar da harshe ya iya yi mana ke nan. Ta buɗe takardar 'yan wasa, irin wadda ake ba mai agogo kafin a fara, ta ɗora yatsa a kan lamba huɗu, ta ja shi zuwa layin wasanni: ashirin da huɗu. Ta ƙara ja zuwa layin ci, inda sifiri yake zaune. Ta kalle ni ta saman tabarau. Sannan ta zura hannu cikin bargon ta fito da ƙwallo, an naɗe gefensa da farin salatif, an rubuta suna da rana da minti da daƙiƙa, da irin rubutun mutanen da suka yi makaranta tun ana dukan hannu.

Da hannu ta nuna mini sauran. Lokacin da alƙali ya zo akwatinta ba da lambar wadda ta ci, ta duba takarda, ta duba fili ta ga babu mai zuwa raga, sai ta miƙa masa sabo daga cikin na ajiya ta karɓe wancan. Ni a lokacin ina waya da Dori. Wato daƙiƙa arba'in da ɗayan nan da na yi ban ƙifta ido ba, ƙwallon banza nake gadi.

Na rungume matar nan har tabaraunta ya karkace. Na ba ta duk busasshen kifin da ya rage a jakata. Ta shinshina, ta yi godiya cikin ladabi, ban sani ba ko ta ci.

Na miƙa wa Auta ƙwallon a ɗakin sauya kaya. Ta juya shi, ta karanta, ta sake juyawa. Da 'yan matan suka gane sun manta da ƙwallonta, sai suka fara salati da yarensu, wata ta rufe fuska da riga. Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Arba'in da bakwai na naɗe wa mutane, marasa kunya," in ji ta. "Ɗaya tak na nema!"

Ranar Alhamis da hantsi muka iso gida. Dori na zaune a kicin da sandar dogarawa a gefe, yayyen Auta uku na tsaye, matansu da 'ya'yansu sun cika ƙofa. Auta ta ajiye jaka, ta fito da shi daga aljihun rigarta ta ɗora a tafin hannunsa.

"Ga naka, Baba."

Ya nemi tabarau. Ya karanta rubutun a hankali, yana motsa leɓe.

"Ashe dai da gaske ne," in ji shi.

"Raga ba kowa fa, Baba," in ji Bjarni daga baya. "Ko ni..."

"Kai rufe mana baki," na ce. "Naka ma nata ne."

Dori ya miƙe da ƙyar, ya ƙi a taimaka masa. Ya dogara har gaban katakon, ya sa babban yatsa ya share gurbin duk da babu ƙura, ya tura ƙwallon. Ya zauna daram kamar don shi aka fafe. Aka yi tafi, Asdis ta fara yanka kek, yara suka rufa mata. Shi kuwa bai juyo ba. Yana tsaye yana kallon bango, har Auta ta matsa kusa da shi.

"Baba, lafiya?"

"To yanzu," in ji shi, "in za ki fita, me zan riƙa ce miki?"

Ta yi murmushi. "Sai ka ce in dawo lafiya, kamar yadda sauran iyaye ke cewa."

Ya juyo ya dube ta, da mamaki sosai a fuskarsa.

"Auta, ai abin da nake cewa ke nan tun farko."

Ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan wannan matar da na ga ƙwallo ya karya mata yatsa biyu ba ta ce uffan ba, ta kifa kai a kafaɗar ubanta ta fashe da kuka. Ni kuwa na juya na kama zuba kofi, na zuba har ya malala a kan tebur.

Yanzu ita ke horar da 'yan matan garinmu, su ashirin da shida, ranar Laraba da Asabar. Salatif da biro na nan a aljihunta. Ni ma ina nan a akwatina, ko da yake an fara yi mini maganar hutu, ina yin kamar ban ji ba. In za ta tafi filin takan biya ta gidan ta sha kofi, kuma Dori bai iya sabuwar maganar ba. Ya gwada sau biyu, ta ƙi zama a bakinsa. Sai ta kai bakin ƙofa yake cewa, ba tare da ya ɗago ba, "Auta, ki taho mini da nawa."

Ita kuma ta ce, "To, Baba."